DAGA GIDAN AMUMUNE ZUWA JAMI'A: MATAMBAYI BA YA ƁATA

Gidan Amumune gari ne cikin ƙasar Mayahi, a jahar Maraɗi. Yana arewa da garin Mayahi. Ƙasa ce ta jigawa, mai gawo da kalgo da sabara. Hausawa da Buzaye da Fulani suna zaune tare. Ana noman hatsi da dawa da wake da gujiya. Ana kiwon shanu da tumaki da raƙuma da jar akuya.

Mutanen wannan ƙasa sun san tafiya. In kaka ta yi, an ɗaure damma an zuba rumbu, sai samari su ɗauki jaka su tafi cin rani. Almajirai su bi malaminsu. Makiyaya su kora bisashe wajen ciyawa. Yanzu kuma akwai wani sabon matafiyi, shi ne ɗan lakwal da zai tafi jami'a.

Yaron nan ya yi shekara 6 a ƙaramar lakwal, shekara 4 a kwaleji, shekara 3 a lise. Shekara 13 ke nan. Ya ci babbar jarrabawar da ake kira bak. Ranar da labari ya zo, an yi guɗa cikin gida. Amma da tafiya ta matso, sai murna ta koma zulumi. Yaro ba ya barci. Ina zai kwana? Mi zai ci? Wa ya sani a birni? Uwa tana tsoron birni ya ɓata mata ɗa. Uba yana lissafin kuɗin mota da hannun da zai rasa a gona. In ɗiya mace ce, magana ta fi yawa. Da haka ne wani yaro kan fasa tafiya, wahalar shekara 13 ta tashi a banza. Mafi yawan wannan tsoro, rashin sanin hanya ne ke kawo shi. To, ga hanyar.

HANYAR MARAƊI

Daga Gidan Amumune mota takan sauko Mayahi, a bakin Gulbin Kaba. Daga nan a yi kudu har Cadawa. A Cadawa ake hawa babban titin da ya taso daga Damagaram ya nufi Yamai. A juya yamma, ba a jima ba sai ga Maraɗi. Tsakanin Mayahi da Maraɗi wajen kilomita 90 ne. Wanda ya yi sammako zai yi sallar la'asar a Maraɗi.

Jami'ar Maraɗi an kafa ta a shekarar 2010. Daga baya aka sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan Maraɗi, malamin kimiyya, wanda ya riƙe ministan ilimi zamanin shugaba Diori Hamani. Ana koyon aikin likita a cikinta. Ana koyon ilimin noma da kiwo da kiyaye itatuwa. Ana koyon kimiyya da sana'o'in zamani. Ɗan manomi da ya shiga sashen noma ba baƙo ba ne. Ya san zuzzuɗa, ya san ƙuduji, ya ga sassaben zamani a gonar ubanshi. Abin da ya taɓa da hannu shi ne zai tarar cikin littafi.

A Maraɗi babu batun harshe. Hausa ake yi a kasuwa da tasha da masallaci. Tuwo da fura irin na gida ne. Da wuya a rasa dangi ko ɗan gari da zai sauke baƙo kwana biyu.

HANYAR YAMAI

Wani yaro kuwa, karatun da yake so sai a Yamai, ko Damagaram, ko Tawa. Jami'o'in Damagaram da Tawa su ma a 2010 aka kafa su. Ta Yamai ita ce uwa. Ta fara a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973.

Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Tafiyar wuni guda ce cikin babbar mota. Ana bi ta Tibiri, Gidan Runji, Madawa, Galmi garin albasa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi. Duk wannan ƙasar Hausa ce. Daga Doso ne kunne zai fara jin Zabarmanci. Kada wannan ya tada hankalin kowa. A Yamai ana jin Hausa ko'ina. Gaisuwar Zabarmanci kuma cikin sati guda ake koyonta.

Jami'a tana ƙetaren kogin Kwara, a unguwar Harobanda. Ana haye kogin bisa gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Yaron da ya girma yana jan wasaki a rijiya mai zurfi, ranar da ya fara ganin wannan ruwa ba zai mance da ita ba.

KWANA DA ABINCI

Kowace jami'ar gwamnati tana da ofishin da ke kula da kwana da abincin ɗalibai. Akwai ɗakunan kwana. Akwai gidan cin abinci, inda ake sayen tikiti da kuɗi kaɗan. Amma a faɗi gaskiya: ɗakuna ba su isar kowa. Saboda haka ƴan gari ɗaya sukan haɗu su kama haya, su raba kuɗin, su ci tukunya ɗaya. Haka ƴan cin rani ke yi tun da daɗewa. Ɗaliban kowace ƙasa suna da ƙungiyarsu. Kafin yaro ya tashi, sai ya nemi lambar salular wani ɗan ƙasar Mayahi da ya riga shi zuwa. Shi zai tarbe shi a tasha, ya nuna mashi inda ake rubuta suna.

Gwamnati tana ba wasu ɗalibai kuɗin taimako, wato bursu. Ba kowa ke samu ba, kuma wani lokaci yakan makara. Don haka kada a saki yaro hannu wofi. A yi mashi guzuri: garin hatsi, wake, ƙuli-ƙuli, yaji, tabarma, bargo da gidan sauro. In an saida akuya guda don wannan tafiya, ba a yi asara ba. Kuma a duba takardu tun a gida: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar bak da hotuna. Wanda ya baro takarda a ƙauye, kuɗin mota biyu zai biya.

WATAN FARKO

Karatun jami'a ya bambanta da na lise. Ɗaki ɗaya yakan ɗauki ɗalibai ɗari-ɗari. Malami ba ya san sunan kowa. Yana magana da Faransanci da sauri, ya fita. Babu mai bin yaro da bulala, babu mai tashe shi da asuba. Shi ne makiyayin kanshi.

Watan farko akwai wuya. Kewar gida takan taso da dare. Yaro yakan ga ɗiyan birni da tufafi masu tsada, ya ga kamar shi ba kowa ba ne. Amma takardar jarrabawa ba ta tambayar garin mutum. Maganin abin shi ne a shiga cikin mutane. A samu abokai uku ko huɗu masu natsuwa, a riƙa bitar darasi tare. Abin da ba a gane ba a tambaya. Wanda ya daure har ƙarshen shekara ta farko, ya ci rabin yaƙi. Shekara 3 ake yi a samu takardar farko, wadda ake kira lisans.

Ɗiya mace ma haka ne. Wurin kwanan mata daban yake. In akwai inna ko gwaggo a birnin, sai a damƙa mata amana. Matan ƙauye sun fi sakin jiki da likita mace. To, likita mace daga jami'a take fitowa.

ƊAN TASAWA YA RIGA KOWA

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni tun 1992. A Tasawa aka haife shi, a 1929, nan maƙwabtan Mayahi. A zamanin karatunshi babu jami'a ko ɗaya a Nijar. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai. Ya tafi Senegal, ya wuce Faransa. Babu salula, sai wasiƙa mai daɗewa bisa hanya. Bai ɓace ba. Ya komo gida da ilimin sarrafa hasken rana. A 1969 ya zama shugaban ma'aikatar binciken hasken rana ta Nijar. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'ar Yamai. Ya rasu a 1991. Yau ga allunan hasken rana cikin ƙauyuka, suna jawo ruwa, suna cika salula da wuta. Tafiyar ɗan Gidan Amumune ba ta kai rabin tashi nisa ba.

ABIN DA YA RAGE GA IYAYE

Yaron da ya bar gida da albarkar iyaye, zuciyarshi a kwance take. A kira shi ranar Juma'a, a ba shi labarin gida da na bisashe. Kada a cika shi da koke-koke, kada a fara roƙonshi kuɗi tun bai gama ba. In mota za ta birni, a aika mashi da tiya biyu ta wake. In hutun damina ya zo, zai komo ya riƙe hauya tare da ƙannenshi.

Ranar tafiya uba yakan raka ɗanshi bakin mota, ya ce: "Ka riƙe salla, ka riƙe karatu, ka san gidan da ka fito." Yaro ya durƙusa ya ce: "To, Baba." Ƙasar Mayahi tana bukatar likita da malamin gona da malamin dabbobi daga cikin ɗiyanta. Allah ya kai su lafiya, ya maido su da abin da suka je nema.