Kiwon Baba a Bayan Gari

Baba malamin makaranta ne. Albashi yake ɗauka ƙarshen wata, kuma a farkon shekarun 1980 albashin yana riƙe gida ba tare da an nemi wani abu a gefe ba. Shi ya sa abokan aikinsa suka yi ta mamaki da ya sayi fili a bayan garin Zariya, gefen hanyar Funtuwa, ya kewaye shi da darni, ya gina ɗakuna, ya kwashe mu muka tare a inda dawa da gero suka fi gidaje yawa. In suka ce, "Malam, me ya yi zafi?" sai ya yi murmushi ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sha'awa ce kawai. Mutum ne da hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji motsin dabba kusa da shi.

Filin bai wuce eka biyu ba. Rabi gona, rabi gida da turaku. Kuma kowace dabba da mai ita. Awakin na Inna ne, jajaye irin na Sakkwato da Maraɗi, waɗanda fatarsu ta yi suna tun zamanin da fatake ke ratsa hamada da ita zuwa Arewacin Afirka. Tumakin na Baba ne, yawanci 'yankasa masu jure wahala, sai rago guda balami ko uda da yake sayowa kowace shekara don layya. Tantabaru na Yaya ne, ba mai taɓa masa su. Akwai agwagi, akwai zabi, akwai jaki, akwai wani bijimi bunaji fari sol mai baƙin kunne. Mu yara kuwa, duk wanda ya kai shiga firamare Inna takan ba shi sagarar kaza ta ce, "Ga jarinka." In ka kula da ita ta yi ta ƙyanƙyasa, wata rana a sayar da zakarun a haɗa maka 'yar akuya.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda Baba ke fara safiyarsa. Da ya dawo daga masallaci ba ya taɓa abinci, ba ya barin a zuba wa dabbobi komai, sai ya zagaya. Hannuwa a baya, carbi na reto, yana bin turaku ɗaya bayan ɗaya. Yakan tsaya kan tunkiya ya dubi kunnenta, ya dubi hancinta ko da majina, ya sunkuya ya dubi kashin da ta yi cikin dare. Wadda ta ware kanta daga 'yan'uwa, ko ta miƙe da ƙyar, ko gashinta ya tashi, ya riga ya gan ta kafin mu da muke tsaye kusa da shi mu lura. Yakan ce da ni, "Kai, dubi bakinta. Tana tuƙa?" In tana tuƙa, to da sauƙi. In ta daina, a ranar sai an san abin yi. Dabba ba ta da bakin faɗar inda ke mata ciwo, kuma a ganina rabin kiwo wannan dubawar ce. Na ga masu kuɗi da suka zuba jari a gidan gona, suka bar wa yaran aiki, suna leƙawa ranar Lahadi. Kaɗan ne a cikinsu suka daɗe.

Bayan zagaye sai aiki ya rabu. 'Yan mata su buɗe akurki su watsa tsaba, mu maza mu nufi rijiya da guga. Akwai wata babbar kwatarniya da aka binne rabinta a ƙasa don kada bijimi ya tunkuɗe ta, ita muke fara cikawa, a jefa ɗan gutsuren kanwa a ciki. Kaskon kaji dabam yake, a gindin dalbejiya, kuma a nan na ga gaskiyar karin maganar nan ta "albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko" da idona, don ƙadangaru kan yi layi a bakinsa da hantsi. Agwagi ne ke ba mu wahala. Ka cika ruwa tas, ka juya baya, sun shige ciki sun dama shi da laka. Daga baya Baba ya sa aka haƙa musu ɗan rami a bakin magudanar rijiya, aka samu lafiya. Sai shara. Kowace safiya a share ƙarƙashin turaku da tsintsiyar kara, a tara kashin a juji guda tare da tokar murhu. Duk wannan kafin mu yi wanka mu sa kayan makaranta.

Zabi kuwa labarinsu dabam ne, kuma su na fi so. Zabuwa ba ta taɓa zama ta gida gaba ɗaya. A kan bishiya take kwana, da rana ta shige gona, kuma ba ta yin ƙwai sai ruwa ya sauka. Da damina ta kankama sai ta nemi wani duhun ciyawa ta ɓoye sheƙarta, wani lokaci su biyu ko uku suna zuba ƙwai wuri guda. Aikinmu ne mu bi ta daga nesa da hantsi, a laɓe, har mu gano wurin. Inna ba ta yarda a sa hannu. Ludayi take ba mu, ta ce in zabuwa ta ji warin mutum za ta sauya wuri, kuma dole a bar mata ƙwai ɗaya ko biyu don ta dawo gobe. Waɗanda aka kwaso, wasu a dafa, wasu a kai kasuwa, mafiya kyau a sa wa kazar da ta fara kwanci. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa sai ya kai 28, don haka sai an zaɓi kaza mai haƙuri wadda ba za ta tashi a tsakiya ba.

Ranar da 'yan zabin suka fito, ƙananan abubuwa masu zane a baya da jajayen ƙafafu, a ranar wahala ke farawa. Raɓar safiya kaɗai tana kashe su. Sai a kife su da kwando har rana ta ɗaga. Abincinsu na farko gara ce. Da yamma mukan cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara cikin tsohuwar tukunya, mu yayyafa ruwa, mu kife ta a bakin suri. Da safe ka ɗago ta cike da gara, ka zazzage a gabansu, uwar riƙonsu tana kiransu suna rububi. Sama kuma ga shirwa tana shawagi. Kaza na ganin inuwarta sai ta yi wani irin kuka, nan take kowa ya ɓace ƙarƙashin rumbu. Duk da haka in rabi suka rayu an gode wa Allah. Waɗanda suka girma su ne masu gadin gida: maciji ko baƙo bai isa ya ratsa darni ba su cika unguwa da kuka ba.

Damina lokacin ɗauri ce. Da an yi shuka mai unguwa zai sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, kuma akuyar da ta shiga gonar maƙwabci ta jawo wa mai ita biya da jin kunya. Daga nan har girbi, ciyarsu tana wuyanmu. Bayan la'asar mu ɗauki lauje da buhu mu bi gefen burtali da bakin fadama. Baba ya hana a ba su ɗanyar ciyawa mai raɓa da sassafe, sai an shanya ta ta sha iska, don kumburin ciki. Na taɓa ganin tunkiya ta kumbura har ɓarin hagunta ya yi tauri, ya ɗura mata man gyaɗa da kwalba, ya ɗaga ƙafafunta na gaba yana murza cikin har ta yi gyatsa. A cikin marka ta watan Agusta kuma laka ce abokiyar gaba. Ƙafar tunkiya in ta daɗe a danshi ruɓewa take, sai mu yi ta sauya wa turaku wuri, muna zuba toka da yashi, muna cire kaska daga kunnuwa da ƙarƙashin wutsiya.

Da kaka gidan yakan cika. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure su dami-dami tun suna da sauran kore, a jera kan rufin ɗaki da cikin rassan bishiya inda akuya ba za ta kai ba. Karmami, kowar wake, ƙaiƙayi, babu abin da ake zubarwa. Dusar surfe ta awaki ce, ƙasarin da aka wanke hatsi da shi na tumaki ne, tunkuzar da ta rage in Inna ta matse mai kuma akan gutsura wa ragon layya. In rani ya yi nisa, harawa ta ja baya, sai gawo ya karɓe mu. Itace ne mai abin mamaki, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, 'ya'yansa kuma dabbobi na son su ƙwarai. Jujin nan da muka yi ta tarawa duk shekara, da bazara jaki ke kwashe shi a mangala zuwa gona. Dawar da ta fito a kansa ita ce za ta ba da dusa da karan shekara mai zuwa.

Hunturu shi ne lokacin baƙin ciki. Kusan kowace shekara ciwon kaji yakan ratso unguwa da iskar nan mai ƙura. Ka ga kaza ta yi sukuku, fukafukai a sake, tana zawo, wata wuyanta ya murɗe. Cikin mako guda akurki ya koma wayam. Inna takan jiƙa ɓawon maɗaci da barkono a kaskonsu, wani lokaci a ga kamar ya yi amfani, wani lokaci ko kusa. Akwai shekarar da ƙanwata ta rasa kazarta da 'yan tsakinta duka, ta zauna bakin akurki tana kuka har magariba, Baba ya zauna kusa da ita a ƙasa bai ce mata ta yi shiru ba. Bayan wannan ne ya fara kiran malamin dabbobi tun kafin sanyi ya shigo, ya zo da rigakafin da ake yi a Vom cikin kwalbar ƙanƙara, mu kama kaji da dare ana ɗiga musu a ido. Asarar ta ragu sosai. A 1983 kuma, da annobar bushiya ta faɗa wa shanu a ƙasar nan, Baba ya ja bijiminsa da ƙafa zuwa wurin allura. Ya tsira. Amma Fulanin da ke kawo mana nono, waɗanda muka saba ganin garkensu ya cika burtali, sun wuce ta ƙofar gidanmu a shekarar, tare da 'yan shanun da ba su taka kara sun karya ba. Ban manta fuskar dattijonsu ba.

Daga 1986, da gwamnati ta shigo da tsarin tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kaya suka yi tsada, albashin malami ya daina kaiwa tsakiyar wata. A nan kiwon sha'awa ya zama abin rufin asiri. Kuɗin makarantar Yaya daga taure biyu ya fito. Ragon sunan ƙaninmu daga turke aka kwanto shi. Baƙo in ya sauka da dare, akwai zakara ko 'yan shila. Abokan aikin Baba da suka yi masa dariya a da, su ne suka riƙa zuwa da yamma suna tambayar yadda ake gina akurki, yana ba su sagaru kyauta, bai taɓa tuna musu da maganarsu ba.

Ragon layya kuwa kowace shekara sai ya karya mana zuciya. Watanni yana hannunmu, muna yi masa wanka da sabulu, muna ba shi dusa a tafin hannu, har ya san muryar kowa, in ka dawo daga makaranta ya tashi yana jan igiya. Baba yakan buɗe bakinsa ya nuna mana haƙoran gaba biyu da suka sauya, ya ce ya isa layya, ya duba ido da ƙafa da kunne kada a samu aibi. Ranar salla, in an sauko daga idi, shi da kansa yake ba shi ruwa, ya shafa wuyansa, ya ɓoye wuƙar a bayansa har sai an kwantar da shi. Ba ya yarda a wasa wuƙa a gabansa, ba ya yarda a yanka shi inda sauran tumaki ke gani. Mu ƙanana mukan gudu ɗaki. Inna ta biyo mu ta ce, "Ku yi haƙuri, don wannan ranar aka kiwata shi, kuma bai taɓa kwana da yunwa a hannunku ba."

Gari ne ya zo ya same mu. Gonakin maƙwabta suka zama filaye, filaye suka zama gidajen bulo, aka gine burtali, fadamar da muke yankan ciyawa ta koma bola. Da rani in aka saki awaki sai su dawo da leda a ciki, su yi ta ramewa ba a san dalili ba sai an yanka. Zabi suka rasa duhun da za su yi ƙwai, ɓarayin dare suka yawaita. Mu kuma muka watse, wannan karatu, wancan aiki, wancan aure, Baba kuma gwiwa ta fara hana shi sunkuyawa. Bijimi aka fara sayarwa, sai jaki, sai tumaki kaɗan-kaɗan.

Inna dai ba ta saki ba. Har yanzu tana da awaki biyu da 'yan kaji a bayan ɗakinta, harawa kuma saye ake yi mata dami-dami daga masu kawowa a amalanke. In jikoki suka je hutu, aikin farko da take ba su shi ne su bi tsakar gida su tsince duk wata leda, sannan ta miƙa wa babbansu ƙwaryar ƙasari ta ce ya kai turke.