Daga Kano Zuwa Birnin Sin: Kujerar Gaba Ko Ta Baya?

Fatauci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma tun fil'azal wanda zai yi doguwar tafiya yakan zauna ya yi shawara a kan abin hawa. Kakanninmu masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, madugu da manyan attajirai bisa dawaki, sauran ayari kuwa a ƙasa suna kora jakuna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai aka sami faskila da sikinkila da kuma taragon talakawa, kowa ya shiga inda aljihunsa ya kai shi. Yanzu fatauci ya kai Dubai da ƙasar Sin, abin hawa ya zama jirgin sama, amma shawarar tana nan yadda take. 'Yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da dama sun sha tambayata: mutum ya ninka kuɗin tikiti don ya zauna a gaban jirgi, wannan hankali ne ko almubazzaranci? To, da yake Allah Ya nufe ni da rakiyar waɗansu fatake zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin, na tafi a kujerar gama-gari, a dawowa kuma wani ɗalibina ya biya mini ƙari na zauna a gaba, sai na ga ya dace in bayyana abin da na gani, sa'an nan in faɗi abin da na fahimta.

Hanyar da muka bi ita ce wadda fatake da yawa ke bi, watau ta Adis Ababa, babban birnin Habasha. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa can tafiyar awa huɗu da 'yan kai ce. Mun tashi da rana muka sauka da dare, muka tarar da sanyi, domin birnin yana bisa tudu mai tsawon fiye da mita 2,300 daga bakin teku. Filin jirgin nasu, wanda ake kira Bole, da dare kasuwa sosai yake zama: ga mutanen Kwango, ga na Mali, ga na Kamaru, kowa da jakarsa yana neman ƙofar da zai bi. Wannan zango na farko ba shi da wata wahala, ko wanda ya saba shiga mota daga Kano zuwa Sakkwato ba zai kira shi tafiya ba. Aikin yana zango na biyu, daga Adis zuwa Guangzhou, wanda ya kai awa goma a sama ba sauka, kuma bayan tsakar dare ake tashi.

A nan ne ya kamata mai karatu ya san yadda cikin jirgin yake. A ɓangaren gama-gari, tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta a yawancin jiragen duniya inci 31 ne ko 32, faɗin kujerar kuma inci 17 ko 18. Dogon mutum gwiwarsa tana dab da bayan kujerar na gaba, in kuwa na gaban ya kishingiɗa, to, sai haƙuri. A gaba kuma, bayan labule, akwai ajin da ake kira bizines, watau na manyan 'yan kasuwa, wanda kamfanonin jiragen sama suka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970 don ya tsaya tsakanin faskila da gama-gari. Tun daga shekarar 2000, lokacin da kamfanin British Airways ya fara sa kujera mai miƙewa ta zama gado a wannan aji, sauran manyan kamfanoni suka bi sahu. Mai wannan tikiti ba ya bin dogon layi, yana da ɗakin hutawa a filin jirgi, ana kawo masa abinci a faranti, kuma galibi ana ba shi damar jaka mai kilo 32 a inda na baya ke da kilo 23. Kuɗinsa kuwa yakan ninka na gama-gari sau uku ko huɗu, wani lokaci har fiye.

Da na zauna a wuraren biyu sai na riƙa ware abin da ƙarin kuɗin ke saya da abin da ba ya saya. Ba ya rage tafiya ko da minti ɗaya, don tare za a sauka. Iskar da ake shaƙa iri ɗaya ce gaba da baya: busasshiya ce ƙwarai kamar ta tsakiyar hunturu, kuma nauyinta kamar na wanda ke kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, shi ya sa ake jin kasala da bushewar maƙogwaro. In jirgi ya shiga gargada kowa zai ji. Bugu da ƙari, wani kaso na karramawar da ake yi a gaba giya ce mai tsada, wadda Musulmi ya biya kuɗinta cikin tikiti alhali ba zai taɓa ta ba. Abincin yana da kyau, amma ba wanda zai ninka tikiti sau uku saboda cin dare ɗaya. In aka tankaɗe aka rairaye, abu guda ne ya rage mai daraja, shi ne mutum ya miƙe bayansa ya yi barci.

Ko barcin ma akwai magana a kansa. Mai tafiya gabas rana yake tara, saboda haka darensa gajere ne. Agogon Habasha yana gaban namu da awa biyu, na Sin kuma da awa bakwai. Ba mu fi awa huɗu da barin Adis ba sai ga alfijir ya keto ta taga, alhali agogon da ke hannuna, wanda na bari a lokacin Kano, yana wajen ƙarfe biyu na dare. Wanda ya damu da Asuba tilas ya farka a lokacin, ko yana kan gado ko yana kan kujera. Muka yi alwala da ɗan ruwa kaɗan, wanda ya sami wuri da izinin ma'aikatan jirgi ya tsaya, wanda bai samu ba ya yi yadda ya sawwaƙa. Bayan mun sauka kuma, dukanmu sai da muka yi kwanaki barci na ɗaukarmu da rana yana gudunmu da dare, har da abokan tafiyarmu biyu da suka zo a gaba. Gadon yana rage ciwon baya da kumburin ƙafa, amma rikicewar lokaci ba ta san aji ba.

Waɗansu sukan kafa hujja da lafiya, su ce zaman baya yana kawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Cutar gaskiya ce, kuma tana kisa in gudan jinin ya tafi huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zama wuri ɗaya na awa huɗu ko fiye yana ninka haɗarin, ko da yake ga mai lafiya haɗarin kaɗan ne, kimanin mutum ɗaya cikin 6,000. Amma ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ce a 2012 ba ta ga shaidar cewa ajin gama-gari shi kansa ne ke jawo ta ba. Rashin motsi ne, musamman ga mai zama jikin taga wanda ke jin nauyin tayar da maƙwabcinsa. Maganin kuwa ba ya cin ko sisi: a tashi a taka bayan kowace awa ɗaya ko biyu, a riƙa motsa ƙafa, a sha ruwa. Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko mai juna biyu, ko wanda ya taɓa yin cutar, shi likita zai gani kafin ya sayi kowane irin tikiti.

Mun isa Guangzhou da la'asar. Birni ne na ciniki tun fiye da shekara dubu, wanda Larabawa suka sani da suna Khanfu. Fataken Basra da Siraf sukan zo shi a jiragen ruwa na katako, su yi watanni a teku suna jiran iska ta juya. A tsohon gari akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin, da hasumiyarsa da ake cewa da can jiragen ruwa da ita suke gane gari. Musulmin can suna danganta ginin ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, har akwai kabarin da suke cewa nasa ne, ko da yake abin da ya tabbata wurin malaman tarihi shi ne a Baƙi'a ta Madina aka rufe shi. Da na tsaya gindin hasumiyar nan na tuna watannin da waɗancan bayin Allah ke yi bisa ruwa, sai awa goma da muke kuka da ita ta ƙanƙance a idona. Fataken yau kuwa unguwar Xiaobei suka fi sauka, inda ake samun abincin halal, su kuma halarci babbar kasuwar baje koli ta Kanton, wadda aka fara a 1957, ake kuma ci sau biyu a shekara.

A wannan kasuwa na gane inda hujjar masu zama a gaba take da ƙarfi. Rumfunanta sai mutum ya yini yana tafiya bai gama ba, ciniki kuma ta bakin tafinta ake yi da na'urar lissafi a hannu. Wanda ya shiga da kai mai nauyi yana iya kuskuren sifili ɗaya ya yi asarar da ta fi kuɗin tikiti goma. Saboda haka attajirin da kwana uku kaɗai gare shi, kuma zai sa hannu a kan kwantena da yawa, in ya sayi barci da kuɗinsa bai yi wauta ba. Amma yawancin abokan tafiyata wata dabara suka yi wadda ta fi araha nesa ba kusa ba: suka zo kwana ɗaya kafin buɗe kasuwa, suka kama ɗaki suka yi barci har suka gaji. Kuɗin ɗakin bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarin tikitin ba, ragowar kuwa ta shiga jari.

To, ina matsayin shari'a? Asalin abin halal ne, kuma ba daidai ba ne a haramta wa mutane jin daɗin da Allah Ya halatta. Imam Malik kansa an san shi da sa tufafi masu kyau da tsada. Abin da aka hana shi ne israfi da alfahari, kamar yadda aka hana ƙwauro, kuma a ƙarshen Suratul Furƙani an yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin biyun. Shi israfi kuwa ba adadi ne da shi ba, gwargwadon halin mutum ake auna shi. Kuɗin da ba zai girgiza babban attajiri ba, shi ne rabin jarin ƙaramin ɗan kasuwa. Dattijo mai ciwon baya ko ciwon gwiwa, in 'ya'yansa suna da hali suka zaunar da shi a gaba, wannan biyayya ce da za su sami lada a kanta. Amma wanda ake bi bashi, ko bai fitar da zakka ba, ko kuɗin makarantar yara na jiransa, ko kuwa da dukiyar abokan tarayya yake juyawa ba da saninsu ba, shi kujerar gaba ba tasa ba ce. Haka nan wanda in ya binciki zuciyarsa zai tarar so yake 'yan garinsu su gan shi ya shige bayan labule, ko ya ɗauki hoto ya watsa a waya. Wannan ya sayi abin da zai cuce shi da kuɗinsa.

Ga 'yan'uwa ma'aikata maganar ta fi nauyi, domin kuɗin na baitulmali ne. A watan Oktoba na 2019 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarni cewa ministoci da manyan sakatarori da shugabannin hukumomi da makamantansu ne kaɗai za su shiga ajin bizines, sauran jami'ai kuwa gama-gari. A 2024 ma an dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙasashen waje da kuɗin gwamnati har wata uku, saboda nauyin da suke ɗora wa baitulmali. Ma'aikacin da ƙa'ida ta ba shi gaba, in ya shiga bai ci haram ba, in kuwa ya bari don tausayin dukiyar jama'a ya kyauta. Amma wanda ya yi dabara aka ɗaga masa aji ba bisa ƙa'ida ba, ko ya karɓi kuɗin gaba ya zauna a baya ya soke ragowar a aljihu, ko ya bar ɗan kwangilar da fayil ɗinsa ke kan teburinsa ya biya masa, to, ya sani amana ya ci, kuma za a tambaye shi.

Shawarata a taƙaice ita ce, tafiyar da ba ta wuce awa biyar ko shida ba, irin ta Jidda ko Alƙahira ko Adis, mai lafiya ba ya bukatar ƙari. A doguwar tafiya kuma, kafin a tsallaka zuwa gaba akwai matakai a tsakani. A nemi kujerar bakin hanya tun lokacin sayen tikiti, ko a biya ɗan ƙari a sami ta kusa da ƙofar gaggawa inda ake miƙe ƙafa. Waɗansu kamfanoni suna da aji na tsakiya mai ɗan faɗi. In kuwa lalle sai an shiga gaba, a duba ko za a iya biyan zangon dare kaɗai, kuma a tambaya a tabbata kujerar jirgin mai zama gado ce, don ba kowane jirgi ke da ita ba. Mutum ya tambayi kansa da kuɗin wa zai biya, kuma me zai rasa in bai biya ba, sa'an nan ya yi abin da ya ga zai iya kare shi gobe.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya komo da su lafiya, Ya sa albarka a cikin nemansu, amin.