Katafilar da Ta Ƙi Juyawa

Jama'a, bari in ba ku labarin yadda wata tsohuwar katafila ta karya mini girman kai a hutun Ista na 2024.

A garinmu akwai wata katafila ta aikin gona wadda Turawan mishan suka bar wa jama'a sa'ad da za su koma gida. Irin wadda ake kira D2 ce, da kamfanin Caterpillar na Amurka ya yi ta ƙerawa daga 1938 zuwa 1957. Da ita aka haƙa tafkin da garinmu ke sha. Shekara tara ke nan tana zaune ƙarƙashin ɗorawa, tafkin kuwa ya cika da laka, har mata na tafiya mil uku neman ruwa da rani. Dattawa suka ce ko dai ta tashi ta yashe tafkin kafin ruwan fari, ko kuwa a sayar wa 'yan gwangwan. Kawuna shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tuƙa ta, ga shi idonsa ya yi rauni. Sai ya ce in zo in zama idonsa.

Muka sha wuya kwana huɗu kafin ƙaramin injin fetur da ke tada babban ya kama. Da babban ya ɗauka, yara suka yi ta ihu. Na hau, na sa giya, ta miƙe. Na ja sandar dama, ta juya. Na ja ta hagu, ko gezau! Na taka birki, ta yi gurnani, ta nufi rumbun mutane sai da na kashe ta.

Nan take na ce birkin hagu ne ya saki, a ba ni sifana in ɗaure shi. Ai ni ne mai karatun kwaleji. Kawu ya ce, "Malam ƙarami, da ka taka birkin, me ka ji?" Na ce inji ya yi nishi, ya tuƙo baƙin hayaƙi. Ya ce, "To, wanda ya saki yana sa inji nishi? Birkinka ya kama. Abin da yake kokawa da shi ne bai saki ba."

Ya zauna ya zana mini a ƙasa. Katafila ba ta da sitiyari. Ƙarfin inji yana bi ta giya zuwa wani ƙarfe da ke gicciye a bayanta, kowane gefensa kuwa akwai kuloci guda, watau faya-fayai da aka jera kamar waina, sifirin yana matse su wuri ɗaya. In ka ja sandar hagu, faya-fayan hagu su saki, sarƙar hagu ta rasa ƙarfi, ta dama ta ci gaba da turawa, sai motar ta karkata hagu. Birki don kwana mai tsanani ne kurum, bayan an ja sanda. Da na ɗaure shi yadda na so, da ƙonewa zai yi a banza.

Ya ce ciwon kuloci iri biyu ne. Ko ya manne ya ƙi saki, ko kuwa ya riƙa santsi, sai ka ga motar tana jan kaya tana zamewa wajen gefen da ke ciwo. Muka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Na auna wasan sanda, ya yi kamar faɗin yatsu huɗu, Kawu ya ce daidai ne. Sa'an nan na shiga ƙarƙashi na kwance notin tsiyayewa na kowane gefe. Na hagu ya zubo mini jan ruwa a fuska, na dama kuwa baƙin mai. Kawu ya shafa, ya sansana, ya ce, "Hagu tsatsa ta haɗe shi. Dama robar da ke tare mai ta mutu. Yau lafiya yake, ran da ya ji nauyin laka zai ba ka kunya."

Muka zuba kananzir ya kwana biyu, na yi ta gaba da baya da sanda a jaye, ko zai saki. Ya ƙi. Tilas muka raba sarƙa, muka ciro babban haƙorin baya da gidansa, gama a irin wannan ƙira babu wata hanya zuwa wurin kuloci. Samari shida suka taya mu. Kawu ya hana kowa taɓa sifirin sai da muka matse su sarai, ya ce sun taɓa karya wa wani yatsa a gabansa. Faya-fayan sun zama dunƙule guda. Muka ɓamɓare su ɗaya ɗaya, muka goge masu kyau, waɗanda suka lalace kuwa na je Bukuru na samo madadinsu a wurin masu tsofaffin ƙarafa. Na dama ma muka wanke shi, muka sake robar.

Ran da na ja sandar hagu ta juya a hankali, Kawu bai gani ba, amma ya ji. Ya ce, "Yauwa." Muka yashe rabin tafkin, ruwa ya sauko ya tsai da mu. Rabin nan ya kai garin har watan Maris na 2025.

Da na koma koyarwar gwaji, akwai wani yaro a aji huɗu da ya kasa raba lissafi, na riga na ɗauki bulala. Sai na tuna da sifanar nan. Na ajiye, na kira shi gaban allo, na ce ya karanta mini lambobin. Ashe daga bayan aji ba ya ganin allo.

'Yan'uwana ɗalibai, kafin ku ɗaure birki, ku saurari inji tukuna.