Rabo Uku a Teburin da Ba a Gani

Hausa ta ɗora wa kalmar “rabo” kaya biyu. Idan mai karta ya cakuɗa ta ya miƙa wa kowa nasa, an yi rabo. Idan kuma mutum ya nemi abu ya samu ko ya rasa, sai a ce rabonsa ke nan. ’Yan caca sun daɗe suna fakewa a tsakanin ma’anonin nan biyu: in sun ci, gwaninta ce, in an cinye su, babu rabo. Abin da nake so mu duba yau, ya mai karatu, shi ne ɗan filin da ke tsakanin rabon farko da na biyu, wato shawarar da mutum yake yankewa alhali bai san abin da ke tafe ba.

Ni mutumin Simsim ne, kudu da birnin Gadarif a gabashin Sudan, cikin jikokin Hausawan da hanyar Hajji da hijira suka zaunar a ƙasar nan. Sunan wurin kansa riɗi yake nufi da Larabci. Ƙasarmu baƙin laka ce mai tsagewa da rani, mai riƙe ƙafar mota da damina. Tun shekarun 1940 aka fara noman inji a yankin Gadarif, a 1968 kuma aka kafa hukumar noman inji, aka buɗe manyan gonakin Simsim da rancen Bankin Duniya. Ba mu da madatsar ruwa, sama muke kallo. Karta kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin matasa suna buga konkan da wist don hira, kamar yadda ake buga Whot a Kano. Baƙuwar ita ce wadda ta shigo ta cikin waya, da kuɗi a hannunta.

Ɗan ƙanwata ne ya kawo mini labarinta. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe masa jami’a a Khartum, ya dawo gida yana taya mu lissafin gona. Yaro ne mai kai, shi ya sa muka danƙa masa biyan leburori ta manhajar banki. Da uwarsa ta ji ƙishin-ƙishin cewa yana kwana a kan wata gasar foka ta intanet duk lokacin da ya shiga Gadarif, sai ta turo shi wurina. Bai yi musu ba. Cewa ya yi, “Kawu, wannan ba caca ba ce, lissafi ne. Ga tarihin wasan nan, ka duba da kanka.” Na karɓi tayin, domin ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Karta 52 ce. Ana ba kowa biyu a ɓoye, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya kowa yana gani, da farko uku, sai ɗaya, sai ɗaya. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga nasa da na tsakiya shi ya ci. A kowane mataki mutum yana da zaɓi: ya amsa zubin da aka yi, ya ƙara a kai, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. A gasa kowa yana biyan kuɗin shiga, a ba shi ƙwandalolin wasa daidai da na kowa, a yi ta yi har mutum ɗaya ya tattare duka. Galibi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne kaɗai ke fita da wani abu. Daga cikin rabe-raben da ya buga a daren, uku ne suka yanke hukunci.

Rabo na farko shi ne abin alfaharinsa. Yana riƙe da 8 da 5, dukansu masu alamar zuciya. Aka shimfiɗa uku, biyu daga ciki masu zuciya ne. Saura guda ya cika biyar iri ɗaya. A tsakiya akwai ƙwandala 1,000, sai abokin karawarsa ya zuba duk abin da yake da shi, 3,000. Yaron ya amsa, zuciya ta faɗo a karta ta ƙarshe, ya kwashe. Na ce masa, ɗana, tunda lissafi ka ce, mu yi lissafin. Masu zuciya 13 ne, ka ga 4, saura 9 cikin 47 da ba ka gani ba. Damar ɗaya ta fito cikin karta biyun da suka rage kimanin 35 ce cikin 100. Kai kuwa ka zuba 3,000 don ka kwashi 7,000 har da naka, wanda ke nufin sai kana ci kusan sau 43 cikin 100 kafin ka mayar da uwar kuɗi. In aka maimaita wannan rabo sau ɗari, da asara za ka tashi. Ka sayi kaya da tsada, sa’a ta rufa maka asiri. Ya yi shiru, domin ya san ƙidayar daidai take.

Rabo na biyu shi ne wanda yake kuka da shi. An kusa kai wa inda ake fara biyan kuɗi, ya samu Sarki biyu a hannu. Wani ya zuba duka da 10 biyu, shi kuma ya amsa. Sarki biyu suna kayar da 10 biyu kusan sau 4 cikin 5. Amma a daren na biyar ɗin ne ya zo: wata 10 ta faɗo a tsakiya, mafi yawan ƙwandalolinsa suka tafi. A nan na ce masa bai yi kuskure ba ko kaɗan. Da za a dawo da shi wurin sau dubu, abin da ya yi shi ya kamata ya yi. Ya dube ni da mamaki, ganin na soki inda ya ci, na kuma wanke shi inda aka cinye shi.

Rabo na uku bai so mu tsaya a kansa ba, yatsansa ya yi saurin wucewa. Na ce ya koma baya. Minti biyu ne bayan faɗuwar Sarakuna. Yana da 9 da 4 mabambanta, kartar da ko ɗan koyo ajiyewa yake yi. Saura mutum uku a fitar kafin a fara biya, ƙwandalolinsa kuma sun isa ya lallaɓa ya jira. Ya zuba duka, aka amsa, aka fitar da shi. Na tambaye shi wane lissafi ne wannan. Ya ce, “Raina ne ya ɓaci, Kawu.” To, wannan shi ne rabon da ya fi sauran faɗin gaskiya. Na farko sa’a ce, na biyu rashinta ne, na uku kuwa shi da kansa ne. Tarihin ya kuma nuna cewa kafin asuba ya sake shiga wata gasar, da kuɗin da ba nasa ba.

Ba shi kaɗai ba ne labarin cin nasara ya ruɗa. Duk mai buga foka ta intanet ya san sunan Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee ta Amurka. A 2003 ya shiga wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ta kai shi ga kujerar dala 10,000 a babbar gasar duniya ta Las Vegas. Cikin mutum 839 ya zo na ɗaya, ya tafi da dala miliyan 2.5. Shekara ta gaba mutum 2,576 suka shiga gasar, a 2006 kuma 8,773. Ana yawan tuna burgar da ya yi wa Sam Farha, ɗan asalin Labanan, lokacin da suka rage su biyu: ya zuba duka ba shi da komai sai Sarki tilo, Farha ya daɗe yana tunani ya ajiye kartar da ta fi tasa. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne karonsa da Phil Ivey kafin nan. Moneymaker yana da As da Sarauniya, Ivey yana da 9 biyu. Aka shimfiɗa Sarauniya biyu da 6, sannan 9 ta faɗo, Ivey ya wuce gaba. Karta 7 kacal cikin 44 za su iya ceton Moneymaker, wato kimanin 16 cikin 100. As ta faɗo. Ivey, wanda ya yi komai daidai, ya fita a matsayi na goma. Dubban matasa sun ga mutumin da ya ɗaga kofi, ba su ƙidaya karta 37 da za su iya juya labarin ba.

Wannan rarrabewa tsakanin kyawun shawara da kyawun sakamako ba a teburin karta na fara jin ta ba. A gonar Simsim na ji ta. Kowace damina manomi yana zaɓa: riɗi ko dawa, ko ya raba. Riɗi ya fi kuɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, amma ba shi da haƙuri. In ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka ka yanke shi, in ba haka ba ƙwansonsa ya tsage ya zube a ƙasa. A kwanakin nan kowa yana neman ’yan jango, leburorin da ke zuwa yanka, farashinsu kuma ya hau. Wanda ba shi da kuɗi a hannu sai ya faɗa hannun masu shel, ya sayar da amfanin da bai girbe ba a kan farashi mai rauni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, idan aka yaba wa wanda ya ci bashi ya zuba gonarsa duka a riɗi ya kuma dace, ba ya shiga yabon. Idan aka yi wa wanda ya raba gonarsa dariya don ƙwari sun cinye masa, ba ya shiga dariyar. Tambayarsa guda ce: ranar da ya shuka, me ya sani, kuma in ta ɓaci me ya bar wa iyalinsa? Sa’a ta fi sammako, haka ne, amma ba a tara ta a rumbu.

Da na faɗa wa yaron haka, sai ya ga ƙofa. Ya ce, “Ashe ke nan noma ma caca ne.” Na ce a’a, ɗana, sun yi kama a rashin sanin gobe, sun rabu a wurin da kuɗin ke fitowa. Idan ruwa ya yi kyau a Simsim, ni da maƙwabcina duka mun samu, mai tarakta ya samu, ɗan jango ya samu, mai man riɗi a kasuwa ya samu, ba wanda aka cire wa daga aljihu. A teburin nan kuwa ba a shuka komai. A ce mutum 1,000 sun biya 11 kowannensu, 10 na kyauta, 1 na mai shafi. Sun zuba 11,000, za su raba 10,000. Tun kafin a raba karta ta farko jama’ar sun yi asara, abin da ya rage shi ne a san wa za ta faɗa wa. Duk abin da ka ci, wani yaro ne irinka a wani gari ya rasa shi.

Gwanintar da yake tinƙaho da ita ma tana da mai gida. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami’ar Carnegie Mellon, ta kayar da ƙwararru huɗu a rabo 120,000 a birnin Pittsburgh. A 2019 ƙanwarta Pluribus ta yi irin haka a teburin mutum shida. Inji ba ya fushi, ba ya jin barci, ba shi da rabo na uku. Wanda yake zaune a Gadarif da tsakar dare yana karawa da sunayen da ba su da fuska, ya kamata ya tambayi kansa da wa yake yi.

Hukuncin addini kuwa a fili yake, ba sai na tsawaita ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta auna amfanin caca da cutarta, cutar ta rinjaya, ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma’ida kuma suka yanke haramcinta, tare da ambaton gabar da take haifarwa tsakanin mutane. Yaron ya san wannan tun yana makarantar allo. Abin da ya sa na bi shi ta hanyar ƙidaya shi ne ta nan shaiɗan ya shigo masa, ta nan kuma ya kamata a tare.

Kuɗin da ya taɓa na masu yankan riɗi ne. Mun cike gurbin ni da uwarsa kafin leburori su sani, shi kuma ya ɗauki alkawarin biya daga kasonsa na kaka. Ban karɓe lissafin gona daga hannunsa ba. Na dai ba shi littafi sabo, na ce daga bana duk shawarar da za mu yanke, ranar shuka ce ko ranar yanka ko ranar kai kaya kasuwa, ya rubuta abin da muka sani a ranar da dalilin da ya sa muka zaɓa, kafin sakamako ya zo ya yi wa tunaninmu kwalliya. Basirar da ta iya ƙidaya 9 cikin 47 gona tana bukatarta.

Na san a Kano da Maraɗi da Zariya akwai gidaje da yawa da wannan baƙuwa ta shiga ta cikin waya, wani wurin da rigar karta, wani wurin da rigar ƙwallo. Wanda ya samu irin wannan yaro a gidansa, ya zauna da shi su buɗe tarihin wasan tare. Zai nuna maka inda ya ci, zai nuna maka inda aka zalunce shi. Ka yi haƙuri da duka biyun, ka nemi wanda yatsansa ke saurin wucewa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.