Aikin wata shida

Duk shekarun da na yi ina aikin kwantar da hankali a sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri, ban taɓa riƙe takardar ɗaukar aiki da ta wuce ta wata shida ba. Haka tallafin yake zuwa. Ƙungiyarmu ta rubuta buƙata zuwa Turai ko Amurka, a yi ta jira, kuɗi su sauka, a kai mu otal a yi mana horon 'yan kwanaki, a raba mana riguna masu tambari, sai sansani.

Abin da masu tsara kasafin ba sa sakawa a lissafi shi ne daɗewar da mutum kan yi kafin ya buɗe cikinsa. Matar da aka kashe mata miji a gabanta a Bama ko Gwoza ba za ta zauna ranar farko ta ce tana da damuwa ba. Ciwon kai za ta ce, ko faɗuwar gaba, ko "barci ya ƙi zuwa". Sai mu shimfiɗa tabarma a inuwar tanti, ana ɗinkin hula ana hira, rabi Hausa rabi Barbarci. Akwai wata dattijuwa da ta yi watanni tana zuwa, daga gaisuwa ba ta ƙara komai, idonta na kan zare da allura. Ranar da ta fara ambaton sunan ɗanta da aka shiga daji da shi, saura 'yan makonni a rufe aikin. Ni aka ɗora wa gaya mata. Ta ajiye hular a cinya ta ce, "'Yata, to don me kika sa na tono?"

Masu shan magani sun fi shan wuya. Mai farfaɗiya ko taɓin hankali da muka tura Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri yakan samu sauƙi har ya koma sana'a. Tallafi na yankewa, kuɗin mota da na magani su gagara, ciwo ya dawo, dangi su koma ɗaure shi a ɗaki. Rahotonmu kuwa tsaf yake: mutum kaza aka gani, zama kaza aka yi, ga hotuna. Babu gurbin da ke tambayar ina suke bayan shekara. Wani lokaci ma sabon tallafi ya zo da sabon suna da sababbin ma'aikata, a sake tambayar matan nan labarinsu daga farko.

Ana cikin haka, a ƙarshen 2021 gwamnatin Borno ta rufe sansanin Bakassi da ke Maiduguri, mutane suka watsu. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda aka gada daga Turawan mulkin mallaka. A farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ayyuka da dama suka tsaya cak.

Ba na raina abin da masu ba da tallafi suka yi, sun zo lokacin da ake cikin tsananin buƙata. Amma wannan aikin na asibitin unguwa ne, mai ma'aikaci na dindindin da magani a kanta. Gwamnonin Arewa maso Gabas, ku saka shi a kasafin kuɗinku.