Volt 12 ba ta kisa, amma tana cin ɗaki

Duk mai bin ƙauyukan Ɗan Kassari, daga bakin kwalta har Lugu, ya ga yadda panon sola ya hau rufin ɗakuna da rumfunan cajin salula. Abin farin ciki ne. Amma koke guda muke ta ji daga masu kiran rediyo: batir ba ya kai tsakar dare, wai jabu anka sayar musu. Akwai jabu, ba mu musa ba. Sai dai sau da yawa laifin na fil ne, wato wayar wuta, kuma lissafin da ke tona shi bai fi layi biyu ba.

Mu da munka zauna bencin kolej mun haddace su saboda birebe: U = R × I, da P = U × I. Da faransanci mushe ya ba mu su, ba wanda ya taɓa faɗa mana su da Hausa. Na farkon dokar Ohm ce, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827. A ɗauki shaton ruwa. U, da ake aunawa da volt, shi ne turin ruwan. I, amper, yawan ruwan da ke bin tiyo. R turjiya ce, ƙuncin tiyon, ana auna ta da om. P kuwa, wat, shi ne aikin da wutar ke yi. Ampul ɗin da ke jan amper 2 a volt 12, in ka ninka ka samu wat 24, in ka raba 12 da 2 ka samu om 6. Shi ke nan fa.

To ga inda gizo ke saƙa. A ce mai shago yana da kayan wat 300, tele da ɗan firigo. A wutar NIGELEC ta volt 220, 300 raba da 220 bai kai amper ɗaya da rabi ba, ko wane fil ya ɗauka. Amma tsakanin batir mai volt 12 da konbertisar, 300 raba da 12 amper 25 ne! Kaya ɗaya, aiki ɗaya, amma ruwan da ke bin tiyo ya ninka sau goma sha takwas.

Yanzu a ce ya aje batir a ɗaki, konbertisar a shago, mita 10 tsakani, ya haɗa da siririn fil mai lamba 1,5 da ake sa wa ampul. Zuwa da dawowa mita 20 ke nan, turjiyarsa wajen om 0,23 in jan ƙarfe ne na gaske. Ƙaramin abu, ko ba haka ba? Ninka shi da amper 25: kusan volt 6 sun ɓace a hanya, rabin abin da batir ya bayar. Sake ninkawa da 25: sama da wat 140 sun koma zafi cikin fil ɗin da bai kamata ya wuce amper 16 ba. Konbertisar ya yi ta kuka, mai shago ya yi ta zagin wanda ya sayar masa da batir, roba kuwa tana narkewa a jikin zana. In fil ɗin alminiyom ne da anka shafa wa jan ƙarfe, irin mai arha, abin ya fi haka muni.

Wanga lissafi ne ya sa wutar da ke zo mana daga Najeriya, ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, take tafiya a volt 132.000: a ɗaga turi, amper ya ragu, asarar hanya ta ragu. Layin nan ne anka yanke a watan Agusta na 2023, lokacin da har ƴan birni sunka koma neman pano da batir. Mu a karkara hanya ta fi sauƙi: a matso da konbertisar jikin batir, a sa fil mai kauri kuma gajere, tafiya mai nisa a bar wa volt 220.

Shi ma batir a yi masa adalci. Mai amper-awa 100 a volt 12, wat-awa 1200 ne a takarda, kuma irin na dalma rabi ake ci in ana son ya daɗe. Wat-awa 600 a kayan wat 300, awa biyu ke nan. Wanda ya kunna da magariba yana jiran asuba, ba a cuce shi ba, jakinsa ya ɗora wa kayan raƙumi.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake raina volt 12 don ba ta fizgar mutum. Gaskiya ne, kana iya taɓa ta da hannu. Amma ranar da fil biyu sunka haɗu, turjiya ta kusa komawa sifili, batir ya zubo ɗaruruwan amper nan take, kuma rufin kara a lokacin hunturu ba ya jiran a ɗebo ruwa. Fizibil a bakin batir shi ke tsinkewa kafin fil ya kama. Wasu masu haɗawa suna cire shi, ko su ɗaure gurbinsa da ƙarfe don kada a sake kiran su. Wannan ba gwaninta ba ce, ganganci ne da gidan wani.

In mai gyara ya zo muku, ku ce ya kunna kaya duka, ya sa miltimetir a bakin batir, ya sake sawa a ƙarshen fil, kuna tsaye. In bambancin ya wuce rabin volt, fil za a canza kafin a yi maganar sabon batir.