Bakwainin Ƙanwata

Ana tsakiyar girbin gero ƙanwata ta haihu a ƙauyenmu na ƙasar Dambatta, cikinta wata bakwai. Da aka ɗora yaron a sikeli a asibiti, bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Ya yi kwana uku yana numfashi lafiya, ana ɗiga masa nonon uwarsa da cokali, sai muka ɗauka an tsallake siraɗi. Mijinta ya matsa a koma gida: ga dammuna a gona, ga suna na matsowa.

A wajenmu gida na jikin gida, barka kuwa ba ta da shamaki. Mace za ta taso daga sussuka ko turken awaki, ta karɓi jariri ta sa masa albarka, ta miƙa wa ta kusa. Iya tana gasa masa cibiya da tsumma. Kowa ƙauna ce ta kawo shi, amma ban ga wadda ta nemi sabulu ba.

Ana gobe suna ƙanwata ta kira ni. "Yaya, ya ƙi shan nono, jikinsa sanyi ƙalau." Iya ta ce tun da ba zazzaɓi, a ƙara masa zani. Ashe sanyin nan shi ne ciwon.

Da muka kai shi Asibitin Murtala na Kano, likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga jininsa. Cutar da ta bayyana bayan awa 72 da haihuwa, in ji shi, yawanci daga hannaye take zuwa, ko cibiya, ko kayan jinya, kuma fatar bakwaini da garkuwar jikinsa ba su yi ƙwarin tare ta ba. Allurar farko ba ta yi aiki ba. Daga baya na ji cewa binciken BARNARDS, wanda Kano ke cikinsa, aka wallafa a 2021, ya gano yawancin irin waɗannan ƙwayoyin ba sa jin allurar ampicillin, da dama ma ba sa jin gentamicin. Ragon suna muka sayar muka sayi magani na biyu. Yaron ya rayu, uwarsa na ɗaure da shi a ƙirjinta, fata da fata, dare da rana.

'Yan'uwana mata, in an haifi bakwaini, ku yi barka daga bakin ƙofa. Mai taɓa shi ta wanke hannu da sabulu, a shafa wa cibiya maganin chlorhexidine a daina gasa ta. In ya ƙi nono ko jikinsa ya yi sanyi, kada a jira gari ya waye.